Ƙarfe ma rawa yake yi

Malam, kun yi ƙoƙari da labarin nan na ƙarafa masu mitsi-mitsin ƙwayoyi, sai dai kun tsaya kan tauri, kun bar zancen girgiza. Ko kwanon rufin gidanmu a Tudun Wada nan Jos, cikin sanyin Disamba, atam-atam ɗinsa rawa suke yi a mazauninsu, sau tiriliyoyi a daƙiƙa guda. Idan ƙwayar ƙarfe, wato ɗan dunƙulen atam-atam masu jeri ɗaya, ta gaza nanomita 100 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), atam da yawa kan faɗa bakin iyakar ƙwayoyin, inda ɗauri ya yi sako-sako. Nan rawar ke sauya salo, har lissafin rawar atam da masani Debye ya yi a 1912 ya fara kuskure, zafi kuma ya riƙa tuntuɓe kafin ya ratsa. Ɗalibaina kuwa sai na ƙwanƙwasa musu tasa, sun taɓa sun ji kyarma, sannan suke yarda.