Wanda kotu ta sallama da wanda bai cuci kowa ba

'Yan'uwana matasa, akwai wata kalmar Turanci da ta kama bakinmu, wato innocent, wadda da zarar an tuhumi ɗayanmu sai ya dafa ƙirji ya faɗe ta, yana nufin babu wanda ya kama shi da laifi. Asalin kalmar ya fi haka nauyi. Daga harshen Latin ta fito, inda nocere ke nufin cutarwa, ɗan guntun in da ke gabanta kuma yake kore ta, saboda haka innocens shi ne mutumin da ba ya cutar da kowa. Ta shiga Ingilishi ta hanyar Faransanci a ƙarni na 14, bayan Faransanci ya daɗe yana riƙe da fada da kotunan Ingila tun mamayar da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa ƙasar a shekarar 1066.

A bakin shari'a, ma'anarta ta tsaya ga wanda ba a tabbatar masa da laifi ba, kuma sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma wannan matsayi har sai an kawo hujja. Kariya ce mai daraja, domin ita ke hana a ɗaure talaka a kan jita-jita.

Damuwata ita ce mun ɗauki ma'aunin alƙali mun mai da shi ma'aunin zuciyarmu. Saurayi zai samu hoton wata yarinya haɗe da ƙazafi a WhatsApp, ya tura wa abokansa, kafin magariba maganar ta kai gidan da suka kawo kuɗin aurenta, a fasa auren, mahaifiyarta ta daina fita ko gidan suna saboda kunya. Idan aka tambaye shi, sai ya ce shi ma turo masa aka yi. Mai yiwuwa babu ɗan sandan da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa, amma haƙƙin yarinyar nan yana wuyansa, kuma Annabi (SAW) ya siffanta Musulmi da cewa shi ne wanda Musulmi suka kuɓuta daga harshensa da hannunsa.

Duk wanda ya san ya taɓa yin irin wannan, ya koma zauren da ya yaɗa maganar ya ƙaryata ta da sunansa, sannan ya nemi wani dattijo ya raka shi gidan iyayenta neman yafiya, tun suna raye shi ma yana raye.