Likitocin zane, da gyaran gangar Auzinawa da aka yi mana a gida

A falon Baba akwai wani zanen kakanmu da wani ɗalibin zane-zane ya yi a Zariya wajen 1975, da fentin mai a kan ƙyalle. Mu da ba mu riski Malam da rai ba, ta nan muka san fuskarsa: rawani fari, ido ɗaya ya ɗan lumshe, da tsage uku a kunci. Wata damina kwano ya yi yoyo daidai kansa, fentin ya fara ɓamɓarewa ta wajen kafaɗa, fuskar kuma dama ta jima da yin duhu. Ƙanina, da kyakkyawar niyya, ya sungume shi ya kai wa wani mai zanen allunan shaguna. Kwana biyu aka dawo da shi yana ƙyalli kamar ango. Idanun sun daidaita, kumatun sun cika, tsagen nan uku babu su babu dalilinsu. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan wane bawan Allah ne?" Gwaggo kuwa cewa ta yi, "Yau Malam ya sake rasuwa." Tun ranar zanen yake bayan kabad.

Ni ban taɓa ganin laifin mai allon ba. Mai zane ne, an kai masa zane, ya zana. Laifin na tunaninmu ne, da muke ɗauka duk wanda ya iya riƙe buroshi zai iya jinyar tsohon zane. Alhali wannan sana'a ce daban, da makarantunta da ƙa'idojinta, kuma abu na farko da ake karya wa mai koyonta shi ne son nuna gwaninta.

(Na san wani zai shigo da maganar hukuncin zana mai rai. Malam, wannan fagen malamai ne, ban isa ba. Amma ilimin da nake magana a kai shi ne dai wanda ake ceto adon bangon masallatai da zayyanar tsofaffin littattafai da shi, saboda haka ka yi haƙuri ka karanta.)

Abin da ya tayar min da tsohon mikin shi ne aikin da ake yi a gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam. Tun 2019 suka kewaye babban zanen nan na Rembrandt na shekarar 1642 da ɗakin gilashi, masana suna aiki a ciki, jama'a suna kallonsu kamar kifi a kwalba. Zanen ya ga duniya. A 1715 an yanke gefunansa don kawai ya shiga wani bango. A 1975 wani ya tsattsarga shi da wuƙa, a 1990 wani ya watsa masa asid, Allah ya sa masu gadi suka yi maza suka fesa ruwa. Hatta sunan da aka san shi da shi, na sintirin dare, kuskure ne: ba dare Rembrandt ya zana ba, man sheƙin da aka shafa a sama ne ya tsufa ya yi duhu har mutane suka zaci dare ne. To ka lura, sai da aka shafe shekara 5 ana bincike da awo da ɗaukar hoto kafin a fara cire man sheƙin a ƙarshen 2024. Namu mai allon kwana biyu ya ɗauka, har da shanya.

Wanda zai shiga wannan sana'a sai ya haɗa abubuwa uku da ba kasafai suke zama a kai ɗaya ba: ilimin sinadarai, tarihin zane, da hannu mai natsuwa. Makarantun kaɗan ne, irin su Courtauld a Landan, Hamilton Kerr kusa da Kambirij, da na Jami'ar Delaware da Jami'ar New York a Amurka. Bayan digiri na farko mutum zai ƙara shekara 3 ko 4, ɗaliban da ake ɗauka a shekara kuma da yatsun hannu za ka ƙirge su. Ya gama, ya sake zama ɗan koyo a ƙarƙashin wani tsoho na wasu shekarun. Albashin bai taka kara ya karya ba, idan aka dubi cewa abin da ke ƙarƙashin askarsa wani lokaci ya fi kuɗin gina asibiti.

Ku zo mu tsaya a bayansa mu ga yadda yake aiki, don a nan ne abin ya burge ni. Ba ya taɓa zanen sai ya kashe fitila ya haska shi da wani haske na musamman, wanda a ƙarƙashinsa tsohon man sheƙi kan yi kore-kore, facin da aka yi daga baya kuma ya fito baƙi, kamar an tona asiri. Sai hoton ƙashi irin na asibiti, domin farin fentin mutanen da akwai dalma a cikinsa, tana tare hasken, sai a ga abin da ke ɓoye a ƙasa. Bayan nan ya ɗauki tsinken gora, ya naɗa 'yar auduga a bakinsa, ya tsoma a sinadari, ya je can lungun zanen ya gwada a wurin da bai fi farce ba. Ba gogewa yake yi ba, mirginawa yake. Ya ɗaga ya dubi audugar. In rawaya-rawaya ce, datti da tsohon man sheƙi ne suka fita, a ci gaba. In ya ga ɗigon shuɗi ko ja, to ya taɓa naman zanen, nan take zai tsaya ya canja haɗi. Inda fenti ya ɗago kamar ɓawon gyaɗa, sai ya zura masa gam ɗin da ake yi da wata jakar iska ta cikin kifi, ya ɗora siririyar takardar Japan, ya danna da ɗan ƙarfe mai ɗumi har ɓawon ya kwanta. Wani abin dariya, cikin kayan wankin da suka fi amincewa da su har da yawun bakinsu. Da gaske. Wasu masu bincike 'yan Fotugal sun auna ƙarfin yawu wajen wanke datti, har aka ba su kyautar barkwanci ta Ig Nobel a 2018.

Labarin da ya fi tsaya min a rai na Dresden ne, a Jamus. Akwai zanen Vermeer na wata yarinya tana karanta wasiƙa a bakin taga, a da bangon bayanta fari fat ne. Tun 1979 hoton ƙashi ya nuna akwai wani zane a ƙarƙashin farin bangon, amma kowa ya ɗauka Vermeer ne da kansa ya canja shawara ya shafe, aka bar shi. A 2017 Christoph Schölzel yana wanke zanen sai ya lura fentin wajen ba ya amsa sinadari kamar sauran. Aka ɗebi ɗan ɓurɓushi aka duba a madubin likita, sai ga shimfiɗar ƙura kwance tsakanin ainihin zanen da fentin da aka rufe shi da shi. Ƙura ba ta taruwa haka a kwana ɗaya. Ma'ana an yi shekaru masu yawa zanen yana rataye kafin wani ya zo ya shafe, Vermeer kuwa ya mutu tun 1675. Ƙura ta ba da shaida, kotu ta tashi. Mutumin nan ya zauna da aska yana kankare fentin baƙon ɗan mitsi-mitsi, sai 2021 aka nuna wa duniya.

Haƙurin kuwa ba a magana. Pinin Brambilla ta fara aikin zanen bangon Leonardo da ke Milan a 1978, ba a gama ba sai 1999. Shekara 21 a gaban bango guda, wata rana abin da za ta tsaftace bai wuce faɗin kan sarki ba. Wasu sun yi aure sun aurar da 'ya'ya tana nan a kan tsani.

Ƙa'idoji biyu ne suka raba su da mai allonmu. Duk abin da ka ƙara, ya zama wanda zai zo bayanka zai iya cire shi ba tare da ya ji wa zanen ciwo ba. Sannan kada ka yi ƙarya. Lokacin ambaliyar Florence ta 4 ga Nuwamba 1966, wani tsohon zanen Cimabue ya rasa kusan kashi 60 cikin 100 na fentinsa. Masanan ba su ce bari mu ƙirƙiro abin da ruwa ya tafi da shi ba. Sun cike gurabun da siraran layuka masu launi, daga nesa ido ya huta, in ka matso ka gane nan hannun mai zane ne, nan kuma faci ne. A ganina wannan ita ce amana. Mu kuwa in an ce gyara, abin da muke nufi shi ne a mayar da abu sabo fil, ko da za a kashe shi a hanya.

Ba ina cewa waliyyai ba ne. Da aka wanke zane-zanen Michelangelo na cocin Sistine a Rum tsakanin 1980 da 1994, launuka suka fito tas, amma Farfesa James Beck da wasu suka yi ta kururuwa cewa an haɗa da inuwar da Michelangelo ya sa da hannunsa an wanke. Har yau ba a rufe bakin gardamar ba, abin da auduga ta ɗauke kuma ba ya dawowa. Ga kuma zanen nan da aka saya ƙasa da dala 1,200 a 2005, Dianne Modestini ta yi shekaru tana jinyarsa, aka sayar da shi dala miliyan 450 a 2017 da sunan Leonardo. Masu shakka suna tambayar nawa ne na Leonardo a ciki, nawa ne nata. Tambayar ba rashin kunya ba ce. Inda kuɗi ya yi yawa haka, ko ƙwararre sai an sa masa ido.

Na Borja a Sifaniya kowa ya gani a 2012: dattijuwa Cecilia Giménez ta ga zanen cocinsu yana lalacewa ta ɗauki buroshi ta ƙarasa ɓata shi, duniya ta yi ta dariya, masu yawon buɗe ido suka yi ta tururuwa, garin ya samu kuɗi. Gobarar Titi ke nan. Ni dai ban iya dariyar ba, don na san ƙanina ne a wata riga.

Kada a ce abin na Turawa ne kawai. Zanen Tutu na Ben Enwonwu, wanda aka gano a wani gida a Landan, an sayar da shi fam miliyan 1.2 a 2018. Tun shekarun 1950 ake yaye masu zane a Zariya, ayyukansu suna nan rataye a ofisoshi da falukan mutane. Hunturu ya busar da ƙyallen ya ɗame, damina ta jiƙa shi ya saki, fentin da ke kai ya tsattsage, gara kuma tana cin katakon ta baya. In baƙo zai zo, a sa yaro ya goge da jiƙaƙƙen tsumma, wani ma har da kananzir don ya yi sheƙi. Ɗalibin da ke karanta sinadarai kuma hannunsa ya iya zane, wanda ake ta ce masa ya zaɓi ɗaya, ga fagen da ke buƙatar duka biyun, kuma babu cunkoso a cikinsa.

Jiya da daddare na janyo zanen Malam daga bayan kabad. Na kashe fitila, na kwantar da tocilan ɗin wayata a gefensa yadda hasken zai bi ta kan fuskar a kwance, kamar yadda na ga masanan suna yi. A kuncin hagu, ƙarƙashin fentin mai allon, sai ga 'yan tudu uku a jere. Na kira Baba, ya sa tabarau ya sunkuya. Ya miƙa yatsa zai taɓa, na riƙe hannunsa.