Alhaji Da Huɗunsa Na Cikin Kwamfuta

ALHAJI: Injiniya, duba min wannan kwamfutar. Na kunna ta bayan asuba, na karya, na yi wanka, na dawo, har yanzu ɗan zoben nan juyi yake.

INJINIYA: Sannu Alhaji. Kai, ji yadda fankarta ke kuka. Antibairos, manhajar nan mai kare kwamfuta daga bairos, nawa ne a ciki?

ALHAJI: Huɗu.

Ya faɗa yana gyara zaman hularsa, ya waiga ya ga ko mutanen shagon sun ji. Sun ji.

INJINIYA: Huɗu fa, ranka ya daɗe?

ALHAJI: Avast, AVG, Norton, McAfee. Shari'a ta ba ni huɗu, kuma ina da halin riƙewa. Maƙwabcina Alhaji Ƙarami guda ɗaya gare shi, ka ga kuwa ba ajinmu ɗaya ba.

INJINIYA: To ai su ne ciwon. Duk fayil ɗin da ka taɓa, kowacce sai ta ce ita za ta fara caje shi. Avast ta buɗe don ta duba, Norton ta ga an buɗe abu ta rugo, McAfee ta ga motsi ita ma ta riƙe. Kai da ka danna kana layi a bayansu. Ga Ram ɗinka, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfutar, giga 4 ne kacal, sun cinye.

ALHAJI: Kula ke nan. Gidan da ake rububin maigida ai gidan albarka ne.

INJINIYA: Ba kai suke rububi ba, Alhaji, junansu suke kamawa. Kowacce tana ajiye alamomin bairos a jakarta don ta gane ɓarawo. Sai ɗaya ta leƙa jakar ɗaya, ta ga alamar, ta yi kururuwa ta killace kayanta. Dubi nan, kashedin da ke fitowa duk a kan juna ne.

ALHAJI: Kishi kumallon mata. Wannan ma abin kawo ƙara ne?

INJINIYA: Allonka yana komawa shuɗi ya mutu?

ALHAJI: Kullum bayan la'asar. Na ɗauka hutawa take.

INJINIYA: Dambe ne. Dukkansu can cikin ƙuryar Windows suke kafa ƙafa, in suka yi karo sai gidan ya rushe. Kuma uku daga ciki wa'adinsu ya ƙare tun bara, ba sa sabunta komai, sai saƙon neman dala.

ALHAJI: Wadda ba ta tambayar kuɗin cefane ai ba ta ɗauke ka miji ba.

Nan Injiniya ya ɗan yi tari. Biyu daga cikin huɗun yaron shagonsa ne ya ɗora, kowacce da kuɗinta daban, har da cewa "wannan ta fi waccan ƙarfi". Haka ake yi mana a layin masu gyara: ka kai kwamfuta a saka maka abin buga takarda, ka dawo da manhaja goma sha da ba ka san sunansu ba.

INJINIYA: Shawarata, a cire uku a bar ɗaya.

ALHAJI: Saki uku rana ɗaya? Me suka yi min? Kai ɗan nan, uwarka ba ta da abokiyar zama ne?

INJINIYA: Tana da ita, Baba, shi ya sa na san zancen. To bari in gaya maka wani abu. Kamfanin Avast ya sayi AVG tun 2016. A 2022 kuma masu Norton suka haɗe da Avast ɗin. Ukun nan gidansu ɗaya.

ALHAJI: Gidansu ɗaya kamar yaya?

INJINIYA: Ubansu ɗaya.

ALHAJI: Innalillahi! Ya da ƙanwa na haɗa? Har uku? Rage murya, kada liman ya ji.

INJINIYA: Da sauran magana. Ba huɗu ba ne ma, biyar ne.

Wani da ya kawo gyaran caja ya jawo benci ya zauna.

INJINIYA: Windows 10 da tata take zuwa, Defender sunanta. Kyauta ce, ba ta tambayar ko sisi. Ranar da ka shigo da wata, ta ja ƙofarta ta yi shiru. Ranar da suka fita, da kanta za ta koma bakin aiki.

ALHAJI: Allah sarki uwargida. 'Yar mutunci. Amma kyauta ka ce? Ni da girmana a ce abin kyauta ke tsare min dukiya?

INJINIYA: Wace dukiya ce a ciki, Alhaji?

ALHAJI: Hotunan Umara. Da karta.

INJINIYA: To ta isa har ta yi yawa. Sai dai cirewar ba goge hotonsu a allo ba ne. Kowane kamfani yana da manhajarsa ta cirewa, sai mun sauko da ita, in ba haka ba tarkacensu na nan suna ci gaba da faɗa. Za ka saya mana data.

ALHAJI: Aure da kuɗi, saki ma da kuɗi. To ji sharaɗina. Saki ɗaya na yi, ba uku ba. Ka kwashe su a filash su yi idda, ko zan yi kome.

INJINIYA: An gama.

ALHAJI: McAfee kuwa tana nan, ba ta da dangi a cikinsu.

INJINIYA: In tana aiki uwargida ba za ta fito ba. Kuma ita ma wa'adinta ya ƙare.

ALHAJI: Sai ta yi haƙuri, rabon kwana ne. Ka tsara musu, kwana bibbiyu.

INJINIYA: Ba a yi wa antibairos rabon kwana, Baba.

ALHAJI: Don ba ku iya adalci ba ne, 'yan zamani. Waccan koriyar da na gani a kwamfutar Alhaji Ƙarami fa?

INJINIYA: Kaspersky ce, 'yar Rasha.

ALHAJI: Tana da alaƙa da waɗannan?

INJINIYA: Ko ta nono babu.

ALHAJI: Madalla, gurbi ya samu. Nawa ne sadakinta?