Ya dawo daga daji, amma hankalinsa bai gama dawowa ba

'Yan uwana matasa, mun iya haɗa kuɗin fansa, mun iya zuwa barka da arziki. Abin da ba mu iya ba shi ne zama da mutum bayan an watse.

Tun daga ɗaliban Ƙanƙara a 2020, da 'yan matan Jangebe a 2021, har fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka kwashe a Maris 2022, wasunsu sai Oktoba suka fito, mun sha ganin mutane sun dawo gida. Amma da yawa ba sa barci. Mashin ya wuce da gudu, sai ka ga mutum ya zabura. Wani ya daina fitowa majalisa, wani ya koma masifa da iyalinsa ba dalili. Ba lalaci ba ne, ba kuma raunin imani ba. Jiki ne ya daɗe cikin tsoro har ya kasa yarda cewa haɗarin ya wuce. Likitoci sun ba ciwon nan suna PTSD, wato ciwon firgici bayan mummunan tashin hankali, a hukumance tun 1980, bayan abin da suka gani a sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam.

Don Allah mu daina titsiye su da "ba mu labari." Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu kunna waya suna ɗauka don su sa a Facebook, mutum yana kuka su suna neman mabiya. Bincike ya nuna cewa matsa wa wanda ya tsira ya zayyana komai nan take ba ya hana ciwon, wani lokacin ma ƙara shi yake yi. Abin da ya fi taimako shi ne ya ga yana da mutane. Ka kai masa abinci, ka raka shi masallaci, ka zauna ko da shiru ne. In ya so magana, ka saurara.

Kuma a daina rufe masa baki da "ka yi haƙuri, ai ya wuce." Annabi Yakubu ya yi kyakkyawan haƙuri, amma idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin Yusuf.

Kai kuma mai miƙa masa ƙwaya ko kodin wai don ya samu barci, ka ji tsoron Allah.

Yawanci abin yana sauƙi da kansa cikin makonni. In ya wuce wata guda ana mugun mafarki da firgita, a kai shi ya ga likita. In kuwa ya fara maganar gara mutuwa, ko kwana kada a ƙara. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano. A ci gaba da addu'a, amma ka riƙe hannunsa ku je tare, don kunyar a ce masa mahaukaci ce take hana da yawa tafiya su kaɗai.