In Da Gaske Kwangila Ta Fi Arha, A Nuna Mana Lissafin

Duk sanda wata gwamnati za ta miƙa kwasar shara, ko kula da asibiti, ko rarraba ruwan famfo ga kamfani mai zaman kansa, dalilin da ake kawowa ba ya sauyawa: wai aikin zai fi kyau, kuma kuɗin zai ragu. Wannan magana ce ta lissafi, kuma alƙaluma ne kawai za su raba gardama a kanta. Amma da zarar ɗan jarida ko ɗan majalisa ya ce a kawo takardar yarjejeniyar ya gani, sai a ce masa akwai sirrin kasuwanci a ciki. A ganina, gwamnatin da ta ce ta samo wa jama'a rahusa, sannan ta ƙi faɗin nawa ta biya, ba ta da bakin cewa a yarda da ita.

Ban ɗauki ba da kwangila a matsayin laifi ba. Akwai ayyukan da kamfani ya fi ma'aikata iyawa, kuma babu gwamnatin da ke ƙera duk abin da take buƙata da kanta. Matsalar tana cikin yadda kuɗin jama'a ke ɓacewa daga ido da zarar ya shiga hannun ɗan kwangila. In ma'aikata ce ke aikin, albashi da man mota da kuɗin gyara duk suna cikin kasafi, babban mai binciken kuɗi zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya. In aka ba kamfani, duk wannan sai ya dunƙule ya zama layi guda: an biya wane kaza. Dokokin 'yancin samun bayanai kuma a ƙasashe da yawa iyakarsu ofisoshin gwamnati, ba su shiga littattafan kamfani. Aikin na jama'a ne, kuɗin na jama'a ne, amma ikon tambaya ya tsaya a bakin ƙofa.

Birtaniya, wadda ta yi nisa a wannan harka, ita ce ta fi tara darussa. A 2013 ma'aikatar shari'ar ƙasar ta gano cewa kamfanonin G4S da Serco, waɗanda aka ba aikin ɗaura wa masu laifi na'urar sa ido a ƙafa, sun yi shekaru suna karɓar kuɗi da sunan mutanen da ba su sanye da na'urar. Wasu sun koma kurkuku, wasu sun bar ƙasar, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya, amma takardar biya tana zuwa kamar kullum. Daga baya G4S ya mayar da kusan fam miliyan 109, Serco kuma fam miliyan 68.5. Abin lura shi ne yadda asirin ya tonu: sai da aka zo sabunta kwangilar aka zauna aka duba alƙaluman da kyau. A 2019 kuma aka ci tarar wani reshen Serco fam miliyan 19.2 saboda ya ɓoye wa ma'aikatar ainihin ribar da ake samu. Wato ko gwamnatin da ke biya ba ta san abin da take saye ba, balle mai biyan haraji.

Sannan akwai kuɗin da ba ya fitowa a ranar sa hannu. A watan Janairun 2018 kamfanin Carillion ya durƙushe yana riƙe da kwangilolin gwamnati sama da 400, daga abincin makarantu zuwa ginin asibitoci, da fam miliyan 29 kacal a asusunsa da nauyin bashin biliyoyi. Ba a iya rufe makarantu da gidajen yari don ɗan kwangila ya karye, dole gwamnati ta ɗauki nauyin, kuma ofishin binciken kuɗin ƙasar ya ƙiyasta cewa hakan zai ci wa baitulmali fam miliyan 148. A watan Janairun ne dai ofishin ya bayyana cewa ayyuka sama da 700 da aka gina da jarin 'yan kasuwa, waɗanda darajarsu ta kai kusan fam biliyan 60, za su ci gaba da lashe fam biliyan 199 har zuwa shekarun 2040. Gaskiya ne cewa wannan adadi ya haɗa da kuɗin kula da gine-ginen da gudanar da su, amma ofishin ya ce babu isassun bayanan da za su nuna ko tsarin ya biya buƙata. Bayan shekaru sama da ashirin ana yi.

Kwangila mai dogon zango tana da wani daɗi ga ɗan siyasa: shi zai yanke kirtanin buɗe asibiti, wanda zai gaje shi ne zai biya. A Lesoto, asibitin Sarauniya Mamohato da aka buɗe a 2011 ƙarƙashin irin wannan haɗin gwiwa ya kai ga ƙungiyar Oxfam ta ce a 2014 yana cinye fiye da rabin kasafin lafiyar ƙasar. An yi jayayya a kan wannan adadi, amma a 2021 gwamnati ta soke yarjejeniyar. A birnin Shikago na Amurka, a watan Disambar 2008, an ba 'yan majalisar birni 'yan kwanaki kawai su amince da jinginar da wuraren ajiye motoci a bakin titi na tsawon shekara 75 a kan dala biliyan 1.15. Shekara ba ta zagayo ba babban sufeton birnin ya ce an yi asarar kusan dala biliyan 1 a cinikin. Har yau in birnin ya rufe titi fiye da yadda yarjejeniyar ta ba shi dama, ko ya cire wurin ajiye mota, sai ya biya kamfanin diyya. Wa ya gaya wa mazauna birnin haka kafin a sa hannu?

Masu kare sirri suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa in aka bayyana farashi, abokan hamayya za su san inda za su tsaya, su haɗa baki, ko kuma kamfanonin kirki su guji aikin gwamnati. Kafin a zaɓi wanda ya ci, wannan daidai ne, shi ya sa ake rufe takardun neman kwangila a ambulan. Bayan an zaɓa fa? Fasahar da kamfani ya ƙirƙiro sirrinsa ce, haka ma wasu bayanan tsaro. Amma abin da aka cire daga baitulmali aka ba shi ba sirrin kowa ba ne. Haɗa baki kuwa ya fi samun gindin zama inda mutum biyar ne kawai suka san farashi, sabon kamfani ba shi da hanyar sanin cewa zai iya yin aikin da ƙasa da haka.

Kuma an gwada an gani. Tun 2011 doka a Sulobakiya ta ce kwangilar gwamnati ba ta fara aiki sai an wallafa ta a intanet, in kuma wata uku suka wuce ba a wallafa ba, kamar ba a ƙulla ta ba. Hikimar dokar ita ce ta mayar da ɗan kwangila mai matsa wa jami'i lamba ya wallafa, domin kuɗinsa na rataye da hakan. Yukiren ta wajabta amfani da manhajar ProZorro a 2016, inda kowa zai ga wanda ya nemi kwangila, da abin da ya taya, da wanda aka ba. Kamfanoni ba su daina neman aiki a ƙasashen biyu ba.

Sai dai zubo takarda mai shafi dubu a intanet ba shi ne bayani ba, wani lokaci ma hanya ce ta ɓoye allura a cikin ruwa. Abin da ɗan ƙasa ke buƙata bai fi shafi biyu ba: jimlar abin da za a biya daga farko har ƙarshen wa'adi, nawa kowace tan ta shara ko kowane gadon asibiti ya kama, duk ƙarin da aka yi bayan sa hannu da sunan wanda ya amince, su wa aka raba wa aikin a ƙasa, su waye ainihin masu kamfanin, da abin da za a biya in aka soke. A haɗa da albashin jami'an da ke sa ido a kan kamfanin, domin shi ma kuɗi ne, kodayake an saba mantawa da shi in ana kwatanta farashi.

Ita ma gwamnati sai ta fito da nata lissafin, na abin da aikin ke ci in ma'aikatanta ne ke yi, har da fansho. Wani lokaci alƙaluman za su goyi bayan kamfani. Wani lokaci kuma akasin haka: birnin Faris ya karɓe ruwan famfonsa daga kamfanonin Veolia da Suez a 2010, shekara guda bayan haka ya rage kuɗin ruwa da kashi 8 cikin 100. Majalisa ce ke riƙe da maɓallin, tunda ita ke amincewa da kasafi. Tana iya ƙin sakin ko sisi ga duk kwangilar da ba a ajiye lissafinta biyu, na kamfani da na ma'aikata, a gabanta da gaban jama'a ba.