Ina aikinka in gani?

Ranar wata Talata da hantsi ina tsaye a rumfar maigidana a kasuwar Mile 12, ina lissafin kwandunan tumatir da aka sauke da asuba, sai ga yara biyar sun doso mu, mata uku maza biyu. Wanda bai taɓa shiga Mile 12 ba, ya ƙaddara Yankaba ce aka ninka ta, aka zuba mata ruwan sama da taɓo, aka jingina ta da titin Ikorodu inda danfo masu ruwan ɗorawa ke hon ba dare ba rana. 'Yan dako na gudu da kwando a ka suna ihun a ba su hanya, matan Yarbawa masu sari na ciniki da Hausar da suka tsinta a nan, har fasasshen tumatir da suke kira esha yana da layin masu sayensa. A cikin wannan hargitsi yaran suka kafa waya a kan ƙafa uku, suka fito da ɗan makirfo kamar ƙwallon dabino, irin wanda ake maƙalawa a wuyan riga.

Ɗaliban aikin jarida ne 'yan aji biyu daga wata jami'a a nan Legas. Malaminsu ya ba su aikin bidiyo na minti uku kan tsadar tumatir. Alhaji maigidana ba ya jin Turanci sai na ciniki, sai ya ce, "Malam, zo ka yi mana tafinta."

Yarinyar da ke tambaya ba za ta wuce shekara sha tara ba. Nawa ne kwando a gona a Kura? Nawa ne kuɗin mota? Shinge nawa ake tsayawa a hanya? A kwando goma nawa ke isowa lafiya? Alhaji ya ce komai ya yi tsada, sai dai addu'a. Ta yi murmushi, ta sake tambayar ta wata hanya. Ya zame, ta sake. A karo na uku ya ciro littafinsa ya buɗe mata. Da ta nemi izininsa kafin ta nuna fuskarsa, ya juyo ya ce min, "Malam, wannan ko 'yar kwastan ce?"

Bayan kwana biyu ta kira ni. Malamin ya dawo musu da aikin, wai an ji mai sayarwa, ba a ji wanda ya ɗauko kayan ba. Ƙarfe biyar na asuba suka dawo, suka tsaya cikin taɓo suna jiran tirela. Muna jiran ne ta tambaye ni me na karanta. Na gyara tsayuwa na ce aikin jarida, shekara huɗu. Fuskarta ta washe, ta ce, "Ina aikinka in gani?" Wallahi ba da raini ta faɗa ba. Na yi kamar Alhaji na kirana.

Me zan nuna mata? Har gobe zan iya kawo muku ma'anar labari iri biyar. Na san Iwe Irohin ta fito a Abekuta a 1859, na san Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara a Zariya a 1939 da Abubakar Imam. Kyamarar sashenmu kuwa ta cikin gilashin kabad muka santa. A jarabawa an ce mu zana ta mu rubuta sunayen sassanta, na kuwa ci maki mai kyau. Handawut muka haddace, muka juye, muka fito.

Na san za a ce an samu canji, kuma akwai gaskiya a ciki: BUK na da tashar rediyonta a 98.9, ABU na da tata a 101.1, ɗalibai na shiga situdiyo. Za a kuma ce Legas ta gaji abin. Makarantar koyon aikin jarida ta NIJ da ke Ogba, rediyon Unilag na 103.1, ga jaridar Punch da gidajen talabijin na Channels da TVC, duk danfo ɗaya ko biyu ne tsakaninsu da ɗalibi. Su ma suna da nasu ciwon, gaggawa da son abin da zai ja 'yan kallo. To amma zancen rashin kayan aiki ya ƙare. Wayar da yaran nan suka yi aiki da ita ba ta kai wadda ke aljihun ɗalibanmu da yawa tsada ba. Abin da suka fi mu shi ne malamin da zai ce "koma", da kuma bakin tambaya. A gida yarinya ta tsare Alhaji da tambaya ɗaya har sau uku, kafin la'asar an kai ƙararta wajen uwarta cewa ba ta da kunya. Mu sauraro muka iya. Tun 1957 muke manne da BBC Hausa, har maigadin Ikoyi rediyo ne a kunnensa.

Da bidiyon ya fito ya yi kyau, amma wani wuri ya sosa min rai. Direban ya yi magana mai tsawo: kwana biyu a hanyar kusan kilomita dubu, kuɗin gas, masu karɓar na goro, yadda yake jin warin kayan na sauyawa tun daga Jebba. Ya rufe da cewa jiki magayi. Duk wannan ya koma layi ɗaya na Turanci a ƙasan hoto, kuma layin nawa ne, ni na taƙaita shi saboda hankalina na kan lissafi. Ba laifin yaran ba ne, ba sa jin Hausa. Haka aka ba da labarinmu a Maris 2016 da aka yi rikici aka rufe kasuwar nan, haka aka ba da shi a Yunin 2022 da aka hana acaba a wasu sassan Legas. Muna nan a Agege, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago tun kaka da kakanni, amma kullum da bakin wani ake faɗar mu. Tsofaffin da iyayensu suka zo Agege fataucin goro a jirgin ƙasa suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ajiye muryarsu.

Ranar Asabar na miƙa wa ɗana wayata, shi da aka haifa a nan Agege. Na ce ya je wajen wani dattijo da ke zama a ƙofar masallacinmu, ya tambaye shi yadda unguwar take yana yaro. Ya dawo da bidiyon daƙiƙa arba'in. Gaisuwa ce tun daga farko har ƙarshe, ina kwana Baba, ina gajiya, yaya jiki. Ya durƙusa kansa a ƙasa, wayar ma ta durƙusa tare da shi, ba a ganin komai sai tabarma da takalman dattijon.

Na ce ya koma.