Wai Talaka Ne Bai Shirya Wa Canji Ba?

Duk lokacin da gwamnati ta fito da wani sabon tsari ya ƙi tafiya, ba a kwana biyu sai ka ji wani babba a rediyo ko wani ɗan boko a Facebook yana cewa ai mutanenmu ne ba su shirya wa canji ba. Ni kam maganar nan tana min ciwo, don kusan kullum a kan talaka ake sauke ta, shi da ba a yi shawara da shi ba, ba a tanadar masa komai ba, kuma shi ne farkon wanda zai ɗanɗana kuɗarsa. A ganina shiri ba wani hali ba ne da ake haifar mutum da shi. In ka ce wa mutum ya saki abin da ke hannunsa to dole akwai abin da zai kama, kuma dole ya yarda da kai, in babu waɗannan ko shekara za ka yi kana wayar masa da kai ba zai saki ba, kuma yana da gaskiya.

Mu tuna canjin kuɗi. A watan Oktoban 2022 Godwin Emefiele, gwamnan Babban Bankin Najeriya (CBN) na lokacin, ya sanar za a sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, sababbin suka fara fitowa a tsakiyar Disamba, aka ce ranar 31 ga Janairun 2023 tsofaffin sun daina aiki, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Wato cikin 'yan makonni ake so ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ta canja hanyar cinikinta. Mutane kuwa suka bi umarni, wannan shi ne abin da ake mantawa, suka kwashi tsofaffin kuɗinsu suka kai banki, har waɗanda ƙaramar hukumarsu ba reshen banki ko ɗaya sai sun shiga mota sun je wani gari. Da suka koma karɓar sabo sai aka ce babu.

Wanda ya shiga kasuwa a kwanakin nan ya san abin da ya gani. Mai tumatir ya kasa kayansa tun safe, mai saye yana tsaye da waya a hannu yana cewa bari na yi maka taransifa, a danna a danna netwok ya ƙi, ko a cire kuɗin daga can bai iso nan ba, su biyun su tsaya suna kallon waya suna jiran alat har rana ta yi tsaka tumatir ya fara laushi. Mai ƙosai a bakin layi ita ba asusu ba waya, sai dai ta ba da bashi ko ta kwashe kaskonta. Layin ATM tun kafin asuba, ana rubuta lamba a takarda, ka wuni a ba ka dubu biyar in ka yi sa'a, wajen mai POS kuma kuɗinka za ka saya da kuɗinka. Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin, sannan aka ɗan numfasa. To don Allah a nan wa ye bai shirya ba? Wanda ya kai kuɗinsa a kan lokaci ko wanda ya karɓa bai buga isassun sababbi ba? Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mai gorar a nan ba talaka ba ne.

Ga shi kuma mutanen nan da aka ce sun ƙi zamani, yau je ka ga mai shayi da mai nama da mai kayan miya, da yawansu lambar Opay ko Moniepoint tana rubuce a kwali an liƙa jikin tebur, kana turawa yana jin ƙarar shigowa. Ba wanda ya tara su a ɗakin taro ya yi musu bita. Sun ga abin yana aiki, kuɗi na shiga nan take, sai suka karɓa. Haka aka yi da wayar salula da ta shigo a 2001 tana ta masu hali, yanzu makiyayi a daji da ita yake tambayar farashin shanu, haka ake yi da sola yanzu, duk wanda ya samu sarari ya ɗora a rufin shagonsa ba tare da an roƙe shi ba. Ko hana acaɓa da aka yi a Kano a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, ya jefa matasa masu yawa cikin wahala ba shakka, amma abin ya zauna ne saboda Adaidaita Sahu tana kan titi tun zamanin Shekarau, fasinja ya samu abin hawa, wasu daga cikin 'yan acaɓar suka koma tuƙa ta.

Maganar yarda kuwa ba inda ta fi fitowa fili kamar rigakafin shan inna. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin foliyo, wato shan inna, aka yi ta yaɗa cewa akwai maganin hana haihuwa a ciki, duniya ta yi ta kiranmu jahilai. Dakatarwar nan ta yi ɓarna, ba na ɓoye wannan, yara sun shanye a dalilinta kuma cutar ta tsallaka har wasu ƙasashe. Amma wanda yake so ya gane mutane sai ya tambaya daga ina tsoron ya fito. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200, yara 11 suka rasu wasu suka nakasa, kamfanin ya ce cutar ce ta yi sanadi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Shekara bakwai kacal tsakanin gwajin da dakatarwar, iyayen suna nan da ransu a gari. Sannan akwai tambayar da magidanta suka riƙa yi wa masu rigakafi a ƙofar gida wadda har yau ina ganin tana da nauyi: zazzaɓin cizon sauro yana kashe mana yara, mu je asibiti a ce mu sayo magani, sai wannan ɗaya ne ake biyo mu da shi har gida kyauta, me ya sa?

Abin da ya warware matsalar ba zagi ba ne. An kawo maganin daga Indonesiya a 2004, Gwamna Shekarau ya miƙa 'yarsa aka ɗiga mata a gaban jama'a, Sarkin Musulmi da sarakuna da hakimai har zuwa masu unguwanni suka shiga, malamai suka yi magana a masallatai, waɗanda cutar ta nakasa da kansu suka riƙa bin unguwanni a kan kekunansu suna cewa ku dube mu, aka kuma fara haɗawa da duba marasa lafiya da ba da magungunan wasu cututtuka. Matan da suka riƙa shiga gida gida ma 'yan unguwa ne, an san iyayensu, kuma wasu sun biya da rayukansu, a Fabrairun 2013 an harbe tara a Kano, Allah Ya jiƙansu. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Shekara 17 aka yi ana gina wannan yardar. Mutanen dai su ne, waɗanda suka ƙi jiya su suka miƙo 'ya'yansu.

Sai batun tallafin man fetur. Ni ina cikin masu ganin tsarin tallafin nan ruɓaɓɓe ne, 'yan tsiraru da masu fasa ƙwauri sun fi kowa cin moriyarsa. Amma dubi yadda aka yi. Ranar 29 ga Mayun 2023, a wajen rantsuwa, Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, kafin mako ya zagayo litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai kusan 500, a ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Mafi ƙarancin albashi na dubu 70 bai zo ba sai Yulin 2024, sama da shekara guda ma'aikaci yana tafiya a ƙasa, shi kuma wanda ba ya ɗaukar albashi, wato mafi yawanmu, ba ma ya cikin lissafin. A cikin wannan halin ne aka raba wa 'yan majalisa manyan motoci, aka kuma sayo sabon jirgin shugaban ƙasa. Kana ce wa mutum ya ɗaure ciki alhali yana kallon naka a sake, sannan da ya fito zanga-zanga a Agustan 2024 ka ce bai fahimci gyara ba. Ya fahimta sarai. Gwamnoni ma kasonsu na wata ya ƙaru sosai tun daga lokacin, kuma talaka yana da haƙƙin ya tambaya ina motocin haya masu rahusa, ina takin, ina maganin asibitin.

To amma fa mu ma da namu. A 2015 mun cika filaye muna kiran canji, mutane suka kwana a rumfar zaɓe suna tsare ƙuri'a, aka kayar da shugaba mai ci a karon farko a tarihin ƙasar nan, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai da yawa sun ɗauka aikin ya ƙare ranar da aka rantsar da Buhari, mutum ɗaya zai gyara komai mu kuma mu ci gaba da yadda muke. Wanda yake zagin ɓarayin gwamnati shi ne zai bubbuga gindin mudu ya rage awo, shi ne zai kira ɗan uwansa ya sa baki a ɗauki ɗansa aiki ba jarrabawa, ranar zaɓe kuma taliya da atamfa su sauya masa ra'ayi. Na san yunwa ce ke sa wasu, ba na raina wannan, amma akwai mai rufin asiri da yake yi. Kuma maganar almajirai tana nan, makarantun tsangaya da Jonathan ya fara buɗewa a Sakkwato a 2012 da yawansu sun zama kufai, gwamnoni sun yi sakaci, amma uban da ya tura yaro ɗan shekara shida wani gari ba guzuri ba ziyara ba gwamna ba ne ya tura masa.

Yanzu ga sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, bayan doguwar jayayya da gwamnonin Arewa a kan rabon VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya. Wataƙila akwai alheri a ciki, an ce masu ƙaramin ƙarfi da ƙananan 'yan kasuwa za su samu sauƙi. In haka ne a shiga Kantin Kwari da Singa da Dawanau da kasuwannin ƙauye a zauna da shugabannin 'yan kasuwa a yi bayani da Hausa, a ce kai mai shago kaza za ka biya, kai kuma ba ka biyan ko sisi, ga takarda, kuma a janye masu tare hanya da sanda mai ƙusa suna yanka wa direba rasit kala biyar kafin ya kai kaya daga Dawanau zuwa Legas. Jihohi kuma su riƙa liƙa abin da aka tara da abin da aka yi da shi a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, wata wata, inda mai biyan zai je ya karanta da idonsa.